Gurasar da Ba a Tsaga Ba

A gidan Tursunali ba a sa wa gurasa wuƙa, ba a kuma kife ta. Haka dokar take a kowane gida a birnin Margilan, amma shi ya fi kowa riƙe ta, don shekara talatin da ɗaya ya yi yana zura hannu cikin tanderu a bakin kasuwa. In an shimfiɗa ƙyallen cin abinci, shi ne babba, shi ke ɗaukar gurasa da hannu biyu ya karya, ya ajiye wa kowa rabonsa.

Lokacin tsinkar auduga shanyewar ɓarin jiki ta same shi. Ƙafa ta dawo sannu a hankali, baki ya miƙe, hannun hagu kuwa ya ƙi. Yatsun suna iya dafa abu, ba sa iya riƙewa. Tun ranar da aka sallamo shi, matarsa Oyjamal ta shiga aikata laifi biyu kowace safiya. Takan kife gurasa a ɗakin girki, ta ja mata layi da tsinin wuƙa ta ƙasa, ta nemi gafarar Allah, sannan ta kai. Shi kuma ya dafa da hagu, ya ja da dama, gurasa ta rabe salin alin. Ko da baƙi a wurin ba mai lura.

Tanderu ya mutu, sai aka shiga neman tallafin naƙasassu. Wanda bai taɓa bin wannan hanya ba bai san haƙuri ba. An ce hoto ya yi ƙarami, suka sake. An ce a kawo gwajin jini, suka kawo, kafin layi ya zo kansu gwajin ya tsufa, aka ce a sake wani. Oyjamal ta san kowane benci a ofishin, har ta san wanda ƙusa ke kama zane. Sai da dusar ƙanƙara ta sauka ta narke, wata biyar cif, sannan aka kira su gaban kwamitin likitoci.

Ranar Tursunali ya sa jabbarsa ta zuwa biki, ya gyara gashin baki, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya ce ta jira shi a waje. Bai yi minti goma ba ya fito yana murmushi.

"Me suka tambaye ka, Baban Sanobar?"

"Likita ya ce ya jiki."

"Ka ce me?"

"Me zan ce? Na dafa ƙirji na ce alhamdulillahi."

"Sai kuma me?"

"Ya ce in ɗaga hannu. Na haɗa su biyu na ɗaga. Ya ce ina sa riga da kaina, na ce me zai hana."

Oyjamal ta dubi maɓallan da ta saka masa da asuba, ɗaya bayan ɗaya.

"Kai ke sa wa kanka riga?"

"Haba, Maman Sanobar. Yaron nan na girmi ubansa. In tsaya gabansa in ce mace ke ɗaura mini ɗamara?"

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma tausayinsa ya fi ɓacin ran yawa. Mutum ne da ko ƙunar tanderu bai taɓa nuna wa kowa ba. Ta miƙa masa sandarsa suka tafi.

Bayan wata biyu takarda ta zo: mai nema yana iya aiki. Suka ɗaukaka ƙara zuwa babban kwamiti na lardi, aka karɓa, aka buga hatimi, aka ce su saurari kira. Inabin tsakar gida ya yi ganye, ya yi 'ya'ya, ya nuna, aka tsinke, kira shiru. Duk Litinin Oyjamal ta je ta tambaya, matar da ke bayan taga ta ce takardarsu tana kan hanya. Wace irin hanya ce wannan, Allah kaɗai ya sani, garin da mota ke zuwa cikin rabin awa.

Ɗinkin huluna da take yi ba ya riƙe gida. Ƙanwarta Dilbar, wadda ke aikin shara a Rasha, ta samo mata gurbi, ta ce za a ajiye mata gadon kwana zuwa farkon sanyi, ba ƙari. In ƙarar ta faɗi, tafiya ta zama dole. Shi kuma sai ya koma gidan surukinsa, mijin 'yarsu Sanobar, ya zauna a ƙarshen ƙyallen wani yana jira a karya masa. Shekara talatin da huɗu ba su taɓa raba kwana ba sai na asibiti. Ba su cika yin maganar ba, amma ta ga ya sauko mata da akwati daga saman kabad da hannu ɗaya, ya goge ƙurar.

Kiran ya zo ana tsinkar wata audugar, shekara guda da faɗuwarsa har da 'yan kwanaki.

Oyjamal ta kwana biyu tana koya masa kuka da jiki.

"Ka ce hannuna ba ya riƙe komai. Faɗi mu ji."

"Hannuna... da sauƙi dai."

"Ba da sauƙi ba. Ba ya riƙe komai."

"Wai ke so kike in yi wa Allah butulci a gaban mutane?"

"Ina so ka faɗi gaskiya, tsohon mai taurin kai."

Ya yi dariya ya ce zai gwada. Ta san ba zai iya ba. Da safe ta sayi gurasa biyu masu zafi wurin tsohon abokin sana'arsa, ta naɗe a ƙyalle. Ta ɗauki wuƙa, ta daɗe tana kallonta, ta mayar.

Wannan karon ba ta nemi izini ba, ta bi bayansa ta shiga. Likitoci uku ne a bayan tebur: maza biyu matasa, da wata mace mai furfura da tabarau a tsakiya. Macen ta ɗago kai.

"Ya jiki, Baba?"

Hannun dama ya tafi ƙirji da kansa.

"Alhamdulillahi, 'yata. Da sauƙi sosai."

Ɗaya daga cikin matasan ya fara rubutu. Oyjamal ta matsa, ta kwance ƙyallen a kan teburin, ƙamshi ya cika ɗakin.

"Inna, ba ma karɓar komai a nan," in ji matashin.

"Ba toshiya ba ce, ɗana, gurasa ce. Tun safe kuke zaune." Ta juya ba tare da ta iya haɗa ido da mijinta ba. "Baban Sanobar, kai ne babba a ɗakin nan. Karya musu."

Ba wanda ke ƙin karya gurasar da aka ajiye a gabansa. Tursunali ya yi bismilla, ya dafa da hagu, ya ja da dama. Gurasar ta zame daga ƙarƙashin yatsun ta biyo hannun dama gaba ɗayanta. Ya mayar, ya sake. Ta sake zamewa. Karo na uku ta kusa faɗuwa ƙasa, ya tare ta da ƙirji, ya tsaya rungume da ita, kunnuwansa sun yi ja. Oyjamal ta so ƙasa ta tsage ta shige. Ita ce ta tona shi, da hannunta, a gaban yara.

Likitar ta cire tabarau.

"Wace sana'a yake yi, Inna?"

Shi ya amsa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Gurasa nake gasawa. Nake gasawa a da." Ya dubi hannunsa na hagu. "Hannun ba ya riƙe komai, 'yata. Rigar nan ma ita ta sa mini."

Likitar ta taso ta zagayo tebur, ta kama hannun, ta lanƙwasa yatsun ɗaya-ɗaya, ta sa shi ya matse nata, ta daɗe tana dubawa. Ta koma ta yi rubutu har shafi biyu, sauran suka sa hannu.

"An amince," ta ce. "Takardar kanta sai nan da wata biyu, kada in yi muku ƙarya. Baɗi kuma za ku dawo a sake dubawa. In kun dawo, Baba, ka bar alhamdulillahi sai ka fita waje."

Suka fito, suka zauna a bencin tashar mota, ragowar gurasa ɗaya a cinyarta. Mota ɗaya ta zo ta wuce, ba su shiga ba.

"Ka yafe mini," ta ce.

"Wanne? Na yau, ko wuƙar da kike sa wa gurasata shekara guda?"

Ta juyo da sauri.

"Ka sani?"

"Maman Sanobar, shekara talatin da ɗaya ina gasa ta. Yaushe gurasa ta taɓa karyewa a miƙe kamar an ja zare? Tun ranar farko na sani."

"Me ya hana ka magana?"

"Ke me ya hana ki?"

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba. Ya ce in sun isa gida ta kira Dilbar ta ba wata gadon, akwatin kuma a mayar da shi sama, yana tare hanya. Sannan ya kwance ƙyallen da hannun dama, ya kama gefen gurasar, ya miƙa mata ɗaya gefen.

"Riƙe nan. Riƙe da kyau, ba irin riƙon masu ɗinkin hula ba."

Ta riƙe. Ya ja, ta ja, gurasar ta karye a karkace, rabonta ya fi nasa girma.