Haɗuwar Masu Sikila a Mayo Gwoi

"Ba zan cire ta ba, Hamma."

Mahbuba na tsaye a zaure, gorar ruwa a hannu. Yayanta Njidda ya tare ƙofa, idonsa a kan jar rigar da ta ɗora bisa abayarta. A ƙirjin an rubuta: INA DA SIKILA, INA RAYE.

"Mu Fulani ne, ba ma tallar ciwonmu a titi," in ji shi. "Auwal ya sani, ya yarda, ya rufa miki asiri. Amma in uwarsa ta ji, auren nan ya tashi."

"Tun ina firamare nake cije leɓe ana ce wa mutane zazzaɓi ne. Har na gama jami'a zazzaɓi ne. Yau a kira shi da sunansa."

Ta raɓa ta gefensa ta fice, ta tari keke napep zuwa unguwar Mayo Gwoi.

Ita ta buɗe musu zauren WhatsApp, inda masu sikila na Jalingo ke gaya wa juna inda ake samun magani da wanda ke neman jini. Sai dai babu wanda ya taɓa sa fuskarsa. Wani hoton fure, wani na mota, wani na ɗan ƙwallo. Yau ce haɗuwarsu ta farko, kuma tana fargabar ta tarar da bencina kawai.

Tun daga ƙofar makarantar da suka ara ta gane su. A ƙarƙashin darbejiya mutane sun cika, kowa rungume da gorar ruwa, wasu da rigar sanyi a wannan rana ta Jalingo. Wata doguwar mace ta taho tana ɗingishi.

"Kai ne admin? Yesu! Ɗan ƙarami haka? Da muryanka na ɗauka babban Hajiya ne!"

Mahbuba ta san muryar nan. Judith ce, wadda ta riƙa yi mata hira a waya lokacin da ciwo ya kwantar da ita a asibiti. Suka rungumi juna, suna dariya hawaye na zuba.

"Ke ma da bakinki na zaci kin kai buhu biyu," in ji Mahbuba.

Aka ci shinkafa, aka yi ta tsiya. Tobiya, mai hoton marsandi, ashe da tsohon keke ya zo, bai sha da daɗi ba a bakinsu.

Da aka zo hoton da za a sa a Facebook, mutane suka fara noƙewa. Wasu suka ja da baya, wata ta rufe fuska da mayafi. Mahbuba ta taka ta tsaya tsakiyar fili, ta gyara rigarta.

"Ɗauka. Ko ni kaɗai ce."

Judith ta ɗingiso ta dafa kafaɗarta. Tobiya ya biyo. Mai mayafin ta sauke shi, ta matso. Sai da mai ɗauka ya hau benci kafin su shiga duka.

Kafin magariba hoton ya zaga gari. Washegari uwar Auwal ta aiko a kwashe kayan sa-rana, Auwal bai kira ba. Hamma Njidda ya daina amsa gaisuwarta. Mahbuba ta rasa auren, kuma hoton yana nan inda ta sa shi.