Hotona a Allon Yaya

Shekara uku rabona da man miƙar da gashi. Yayata, mai shagon gyaran kai, ita ke taje min, tana cewa, "Gashin nan naki baiwa ce." Ran nan har hoto ta ɗauke ni a tsefe, ni kuwa sai washe baki nake.

Yau na biyo ta shagon, sai ga hotona a sabon allon talla, an rubuta "Kafin gyara". A gefe wata ce, gashinta miƙe har kafaɗa.

Na faɗa ciki na ce, "Yaya, mene ne wannan a allo?" Yaya ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Haba ƙanwata, talla ce fa. Na duba kaf, ban samu kan da ya kai naki ban tsoro ba."