Zuciyar Mama a Farantin Gilashi

Tana cikin ɗiga ruwan ɓawon rumman a ƙaramin farantin gilashi wayarta ta hau ruri. Sai da ta mayar da murfin sannan ta ɗauka. Yayanta ne, daga asibiti.

"Auta," ya ce, ya ja numfashi. "Mama ta cika. Zauna nan, ga ni nan zuwa."

Ta ajiye wayar a hankali kamar ƙwai. Rana tsaka ce, abokan aikinta duk sun fita cin abinci. Ba abin da ake ji a ɗakin binciken sai gurnanin akwatin ɗumi, inda suke renon ƙwayoyin halitta.

Tun da ciwon zuciya ya fara taɓa Mama, Maman da kanta ta miƙa hannu aka ɗebi jininta don binciken. Daga jinin nan aka yi ta sarrafa ƙwayoyi har suka rikiɗa suka zama na tsokar zuciya. Auta ta taɓa yi mata bayani: iskar da muke shaƙa ita ke raya mu, ita ce kuma ke cin jiki sannu a hankali, yadda tsatsa ke cin ƙarfe. Akwai sinadarai a wasu tsirrai, irin su rumman, da ke tare wa ƙwayoyin jiki wannan ɓarnar.

"Wato na zama tsohon kwano ke nan," Mama ta ce tana dariya. "To, a taimaka a shafa mini mai."

A faranti biyu aka raba ƙwayoyin. Wanda ba a ɗiga wa komai ba ya daina motsi tuni. Auta ta ɗora ɗayan, wanda take ɗiga wa ruwan rumman, a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ta kunna allo.

Yana bugawa.

Wani shimfiɗaɗɗen abu mai ruwan toka, ya tsuke, ya saki, ya tsuke, ya saki. Ta san dalili sarai, ai aikinta ne. Amma yau sai ta kasa ɗauke ido. Can sai bugun ya ɗan yi tuntuɓe, ya tsaya kamar mai tunani, ya ci gaba. Irin tuntuɓen da ta kwana biyu tana kallo a na'urar da ke gefen gadon Mama.

Ba ta ji shigowar Yaya ba.

"Tashi mu tafi, gida ya cika da mutane." Idonsa ya kai kan allon. "Mene ne wannan?"

Ta gaya masa. Ya matso, ya daɗe yana kallo. Da bugun ya sake tuntuɓe sai ya ja da baya har ya bugi ƙofa.

"Auta, da hannuna fa na rufe mata ido."

"Na sani, Yaya. Ƙwayoyi ne kawai. Ba sa ji, ba sa gani."

"To ki kashe su. Don Allah. A bar baiwar Allah ta huta gaba ɗaya."

Ta gyaɗa kai. Kwalbar ruwan da ake kashe ƙwayoyi da shi tana bakin famfo, ɗigo kaɗan ya isa. Ta miƙe ta nufi wajen. Sai ta ga ta wuce famfon, ta buɗe firiji, ta ɗauko kwalbar jan ruwan da ake ciyar da su, ta riƙe a tafin hannu don ya yi ɗumi.

"Jira ni a mota, Yaya," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Rabonta da abinci tun jiya."