Rabon Mai Bin Sawu

Mu maharban ƙauyenmu muna da wata doka da muka gada. In ka harbi dabba ka ji mata ciwo, ta gudu ta mutu a dawa ba ka same ta ba, an ƙirga maka ɗaya. In ta kai uku, sai ka kai bindigarka gidan Sarkin Baka ka jingine, ka koma cikin masu jin labari a gindin darbejiya. Ni Ɗan'azumi, babu wanda ya kai ni zafi a kan dokar nan, har cewa nake mai barin dabba da ciwo mugu ne kawai. To bana, tun ba a gama yankan dawa ba aka ƙirga mini biyu.

Idona ne. Na sani, matata Kaltume ma ta sani, don ta kama ni ina laluben buta alhali tana gabana. Ta ce in je Kazaure a duba ni, na ce ta ji da tukunyarta. Shekara arba'in da ɗaya ina shiga dajin nan na tsakanin Gwiwa da Roni, yau ni za a ɗaura wa gilashi kamar malamin makaranta? Allah ya kiyaye.

Wata Laraba na fita bayan asuba, na laɓe a gefen wata gonar wake da aka gama rora. Hantsi bai daɗe da fitowa ba sai ga gada, namiji, yana tsinkar harawa hankali kwance. Na saita ƙirji, na yi bisimilla, na danna kunama. Kafin hayaƙin ya washe na ji ya faɗi, na kuma ji ya tashi ya faɗa cikin sabara. Na miƙe na bi bayansa.

Da farko sawun bai ba ni wahala ba, jini ɓaro-ɓaro a kan karan dawa, ko yaro ya bi. Amma da na wuce gonaki na hau burji, sai komai ya rikice. Ƙasa ja, tsakuwa ja, jini ja, ni kuma duk abu ɗaya nake gani. Na yi rarrafe, na shafa duwatsu da hannu ina shinshinawa, na koma baya na sake farawa ya fi sau biyar. A nan na yi azahar, a nan na yi la'asar. Kuma kowa ya sani, naman da aka harba in ya kwana ba a gan shi ba ya zama mushe. In rana ta faɗi, ta ukun ta cika ke nan.

Ina durƙushe ina zagin idona sai na ji takun shanu. Na miƙe a fusace.

"Kai! Kai mai shanun nan! Juya su, za su tattake mini sawu! Duk faɗin dajin nan ba ku ga hanya ba sai nan?"

Mutumin ya yi wa shanun wata 'yar fito suka tsaya cak, sannan ya matso da sandarsa a kafaɗa. Sai da ya zo dab da ni na gane shi. Daudu ne, makiyayin da rugarsu ke bayan dutse, wanda bara na yi wa tas a bainar jama'a saboda wata karsana ta shigar mini gyaɗa. Ya rusuna ya gaishe ni kamar ba a taɓa yi ba.

"Baffa, tun ɗazu nake hango ka daga can. Me ya ɓace?"

Da na so in ce ba ruwansa, amma na dubi rana na ga saura kaɗan ta taɓa kan giginyu. Na haɗiye girman kai, da ƙyar ya wuce, na faɗa masa.

Bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya kira ƙaninsa ya karkata da garken, shi kuma ya tsuguna inda na nuna masa ɗigon ƙarshe. Ya ce a kan burji ba jini ake nema ba, kiyashi ake nema, don duk inda ya ɗiga sai sun taru a kai sun yi baƙi. Haka suke bin saniyar da ta ji rauni ta ware daga garke. Ni da nake taƙama da shekara arba'in da ɗaya, wallahi ban taɓa lura ba, don da can idona bai taɓa sa ni neman taimakon kiyashi ba.

Yana gaba ina biye. Ya nuna mini inda tsakuwa ta juye, inda ƙafa uku suka taka ɗaya tana ja, inda gashin gadan ya maƙale a ƙayar dundu. Abin da ya fi taɓa ni, duk abin da ya gani sai ya ce, "Baffa, duba nan, ko ya ka gani?" kamar ni nake koya masa. Ni kuwa ina ta "ƙwarai, ƙwarai," ban ga komai ba.

Muka gangara wani kwazazzabo mai geza. Daudu ya ɗaga hannu, ya nuna da sanda. Gadan na kwance a ƙarƙashin duhuwa, yana numfashi sama-sama, da sauran ransa. Alhamdu lillahi! Daudu ya danne ƙafafu, na juya shi alƙibla, na ambaci sunan Allah na yanka. Jini ya yi tsartuwa yadda ake so. Na zauna a ƙasa daɓas, ban san sanda hawaye suka zubo mini ba. Na ce hayaƙin albarushi ne tun na safe, Daudu ya ce ai haka yake yi.

To fiɗa kuma, nan ba na neman idon kowa. Na sare ɓawon kalgo na murza igiya, na rataye shi ta ƙafafun baya a reshen marke. Na tsaga fata daga dunduniya zuwa dunduniya, na ajiye wuƙa na dunƙule hannu ina turawa, fatar tana saɓulewa kamar riga. Na gargaɗi Daudu kada ya taɓa baƙin maiƙon da ke ƙasan idon gada ya taɓa nama, warinsa ko wuta ba ta fitar da shi. Na sa yatsu biyu ƙarƙashin kaifin wuƙa na buɗe ciki don kada in huda tumbi, na ƙulle mafitsara na zare ta ba tare da ta fashe ba, na ware hanta da zuciya a kan ganyen kalgo. Daudu ya tsaya yana kallo baki buɗe, ya ce tunda yake bai ga fiɗar da ko huji ɗaya babu a fata ba sai na harsashi. Na ji daɗin maganar, sai dai hujin nan a cinya yake, ni kuwa ƙirji na saita, daga taku ashirin.

Na kama hannun dama na gadan zan cire. A al'adarmu cinya ta Sarkin Baka ce, wuya na mai yanka, hannun dama kuwa na wanda ya bi sawu. Daudu ya riƙe mini wuyan hannu.

"Baffa, bar shi. Na san dokarku, na kuma ji an ce an ƙirga maka biyu. In ka shiga gari babu hannun nan, kowa zai gane wani ne ya bi maka. Tafi da shi cikakke. Ni ban gan ka yau ba."

Kai, Shaiɗan ya yi mini huɗuba a wurin nan! Na hango kaina na shiga gari da gada cif, masu cewa Ɗan'azumi ya ƙare suna sunkuyar da kai. Sai na dubi mutumin nan da ya bar dukiyarsa a hannun ƙaninsa ya bi ni cikin ƙaya, ga ƙaurinsa duk ya kakkarce yana jini. In ci haƙƙinsa kuma in kai wa Kaltume ta dafa mini? Na fizge hannuna.

"Sakar ni, kai Bafillace! A kan namana za ka koya mini rabo?"

Na cire hannun, na haɗa masa da rabin hanta, na naɗe a ganye na cusa masa. Na ce Allah ya yi wa garkensa albarka, ya kuma yafe mini maganar bara. Ya ce shi ya ma manta, ƙarya yake yi, amma na gode.

Ana kiran magariba na iso ƙofar gidan Sarkin Baka Sama'ilu. Tsohon yana kan buzu, maharba huɗu na zaune gefensa. Na sauke burgamina, na shimfiɗa naman, na jingine bindigar a bango da kaina don kada a ce sai da aka karɓa. Ya sa hannu ya shafa naman, ya ƙirga gaɓoɓi, ya tsaya inda babu.

"Wa ya bi maka sawu?"

"Daudu na bayan dutse, ranka ya daɗe. Ni tun hantsi nake rarrafe a burji ban ga komai ba. Idona ya tafi."

Ban ɗaga kai ba, ina jiran hukunci. Sai na ji tsohon ya yi ajiyar zuciya.

"Ni shekara shida na yi ana bi mini kafin in daina fita," in ji shi. "Marigayi Yakubu ne yake bi mini. Ko sau ɗaya ban taɓa cire masa hannun ba, don kada ku gane, kuma har ya koma ga Allah bai faɗa wa kowa ba."

Ya goge fuska da bakin rawani, ya miƙa hannu ya lalubo bindigar, ya ɗora mini a cinya.

"Dabba ba ta kwana a dawa ba, don haka ba a ƙirga komai ba. Ɗauki abarka. Gobe ka raka ni gidan Yakubu da cinyar nan, in ba iyalinsa."