Tukunyar Kaka Mal-sun

"Juya ta ki duba ƙasanta, Maman Do-yun," in ji Kaka Mal-sun. "Ba tambarinku ba ne wannan?"

Hyeon-ju, maman Do-yun ɗin, na tsaye da jakar aiki a kafaɗa, hankalinta na kan motar da za ta wuce ta bar ta. Tsohuwar ce ta tare ta a matakala, ta jawo ta ɗakinta mai ƙamshin busasshen barkono. A kan ɗan teburin cin abinci ga wata farar tukunya mai murfi, sumul kamar ƙwai. Ita Kaka ta sayo da kanta, don a zuba tokarta idan an ƙona gawarta.

Tambarin nasu ne kuwa, koren ganye cikin da'ira. A ma'aikatarsu ake gwada ledoji da kofuna a ga ko suna ruɓewa, kuma duk benen babu wanda Hyeon-ju ba ta yi wa wannan burgar ba.

"Mai shagon ya ce da masara aka yi ta," in ji Kaka. "Tsohon mijin nan nawa yana can binne ƙarƙashin bishiya yana jira. So nake ta narke da wuri in gauraya da shi, kada ya samu wata a can."

Hyeon-ju ta ga ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin ganyen, ta kuma san abin da suke nufi. Irin wannan ba ta ruɓewa sai a masana'antar taki, inda zafi ke kusan ƙona hannu. A ƙasar tsauni mai sanyi kuwa, sai ta yi shekaru tana zaune daram. Amma ta yaya za ta buɗi baki ta ce tambarin da take taƙama da shi ba abin da mutane ke zato yake faɗa ba? Ga tsohuwa tana ta washe baki, ga mota.

"Za ta narke, Kaka," ta ce, ta sauka da gudu.

Ta ɗauka za ta gyara maganar da yamma. Yamma ta zama gobe, gobe ta zama jibi, har ciwo ya kwantar da Kaka. Hyeon-ju takan hau mata da kunun shinkafa, ta zauna a ƙasa kusa da shimfiɗarta, tukunyar na saman kabad tana kallonsu. Kullum da niyyar faɗa take shiga, kullum da kwano kawai take fitowa.

Wata rana har ta fara. "Kaka, game da tukunyar nan..."

"Kina so ne? Sayi taki, yarinya. Wannan da mai ita." Kaka ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Da ya lafa ta kama hannun Hyeon-ju. "Na faɗa wa Jae-gwang, maƙwabciyata ta duba. Shi ɗan nawa bai yarda da komai ba, amma ya yarda da ke."

Kunya ta hana Hyeon-ju ɗaga kai. Ta gyara mata bargo, ta ce kunun zai huce.

Da safiyar wata Laraba Kaka ta cika, barkonon da ta shanya a barandar benen bai gama bushewa ba. Aka yi zaman makoki, aka ƙona gawa, aka hau tsauni da toka a cikin farar tukunya. Jae-gwang ne ke rungume da ita a ƙirji, sanye da baƙaƙen kaya da farar safar hannu. Mai kula da maƙabartar ya riga ya haƙa rami a gindin bishiyar, dab da inda aka sa mahaifin Jae-gwang.

Jae-gwang ya durƙusa. Hyeon-ju ta ji idan ta bari ƙasa ta rufe tukunyar nan, ita ce ta kulle tsohuwar a ciki, taku ɗaya tsakaninta da mijinta.

"Dakata," ta ce. Muryarta ta fito siririya. "Ba za ta narke ba."

Kowa ya juyo. Wata gwaggo ta ce, "Wace ce wannan kuma?"

"Maƙwabciya," in ji Jae-gwang, bai ɗauke ido daga kanta ba. "Mama ta ce kin duba."

"Na duba. Na gani tun ranar. Sai a masana'anta take ruɓewa, ba a nan ba."

"Tun ranar?" Ya miƙe a hankali. "Kullum kina ɗakinta, baiwar Allah. Sai yau bakinki ya buɗe, a bakin rami?"

Hyeon-ju ta sunkuya har gashinta ya rufe mata fuska, ta tsaya a haka, tana jin idanun dangi a bayan wuyanta. Gwaggon ta ja tsaki ta ce mutanen yanzu ba su da ta ido.

Mai kula da wurin ya gangara ɗakinsa, ya dawo da farar takardar gargajiya ta ɓawon itace, mai saurin ruɓewa. Jae-gwang ya shimfiɗa ta a ƙasa, ya juye tokar mahaifiyarsa a hankali, ya naɗe kamar ƙunshin tsaraba. Aka sa a rami, aka mayar da ƙasa.

Da za a sauka ya miƙo wa Hyeon-ju tukunyar, bai dube ta ba. "Riƙe. Tambarinku ne."

Ta kawo ta gida a kan cinya. Ta rasa inda za ta jefa ta, sai ta ajiye a barandar benen, kusa da tiren barkonon da babu wanda ya zo ɗauka. Ƙanƙara ta sauka a kanta duk hunturu, ruwan bazara ya cika ta. Kowace safiya idan Hyeon-ju ta fito shanya, tukunyar tana nan fara tas, koren ganyen ko dusashewa bai yi ba.