Koriyar Rigar Lorna Beaudry

Tayar keken guragun ta maƙale a bakin ƙofa. Corinne ta ɗaga shi da ƙyar, ta tura mahaifiyarta ciki. Awa biyu ta yi tana tuƙi daga gidan kula da tsofaffi na Bakersfield, tsohuwar ba ta ce komai ba sai ƙorafin sanyin mota.

Gidan tarihin tufafin fim ne, ƙarami, a wani lungu na Los Angeles, tsakanin shagon taya da gidan wanki. Ranar Lahadi za a rufe shi, a yi gwanjon kayan. An riga an kwashe rabi, gumakan rataye tufafi na tsaye tsirara a jikin bango.

Mai gadin, wani dattijo mai suna Tafoya, ya duba tikitinsu, ya sake duban tsohuwar, sai ya cire hula.

"Kai! Madam Beaudry da kanki? Ina saurayi sau tara na kalli fim ɗinki. Matata har yau ba ta yafe miki ba."

"Wannan kuma wane ne, mai surutu haka?" in ji tsohuwar.

"Masoyinki ne, Mama."

"Bai yi kama da mai kuɗi ba."

Tafoya ya yi dariya har da tari, ya shige gaba. Corinne ba ta yi ba. Shekara biyu ke nan rabon da uwar ta kira sunanta. Likita ya ce tsofaffin kaya sukan tayar da tunani, wani lokaci, amma bai yi alkawari ba.

Rigar da uwar ta sa a fim ɗin na can ƙurya cikin gilashi, koriya, ta siliki, kafaɗunta sun fara yagewa don tsufa. Ga takalma masu tsini a ƙasa, ga hoton wata budurwa tana dariya a kan matakala.

Tsohuwar ta daɗe tana kallo. Hannunta ya tashi daga bargo, ya taɓa gilashin.

"Takalman nan sun ci min ƙafa," ta ce. "Na ce musu sun yi kaɗan, suka ce in yi shiru in yi murmushi."

Corinne ta durƙusa a gefen keken, ta dafa hannun uwar.

"Sau talatin na sauko matakalar nan ranar ɗaukar fim. Na bar yarinya a gida da zazzaɓi, na roƙe su su sallame ni, suka ƙi."

"Wace yarinya, Mama? Yaya sunanta?"

Leɓen tsohuwar ya motsa. Corinne ta matso kusa. Tafoya ya juya musu baya, yana goge gilashin da ba shi da datti.

Sai tsohuwar ta waiwayo, ta dubi hannun da ke kan nata, ta fizge.

"Malam! Zo ka raba ni da matar nan. Tun safe take bi na, ban san ta ba."

"Haba Madam, ai wannan..."

Corinne ta ɗaga masa hannu. Sau nawa ta faɗa mata ita ce 'yarta, ta nuna hotuna, ta yi kuka a mota? Ta miƙe a hankali, gwiwoyinta na ciwo, ta gyara wa uwar bargo.

"Yi haƙuri, Madam. 'Yarki ce ta aiko ni in kawo ki."

Tsohuwar ta ɗan saki fuska. "To ita me ya hana ta zuwa?"

"Aiki ya yi mata yawa."

"Aiki," in ji tsohuwar, ta gyaɗa kai. "Halina ta ɗauko. Ki ce mata ban ji haushi ba."

"Zan faɗa mata."

Corinne ta juya keken, ta nufi ƙofa.