Hannun da Baba Ya Ɗaga

Tun ƙarfe shida na safe nake majami'a ranar Kirsimeti. Ni na share, ni na goge bencuna, ni na shimfiɗa farin ƙyalle a kan bagade, wato teburin gaban majami'a, bayan na yi wa ƙyallen guga har sau biyu. Shekara goma sha tara ke nan ina wannan aiki, ba wanda ya sa ni. Wanki da guga ne sana'ata, ba na iya ganin ƙyallen Ubangiji a yamutse.

An fara waƙa ta biyu sai ga ƙanena ya shigo yana tura keken guragu. Baba ne a ciki. An sa masa sabuwar riga, bakinsa ya karkace, hannun hagu na kwance a cinya kamar ba nasa ba.

Ina da shekara goma sha ɗaya mutumin nan ya tafi ya bar mu, mu huɗu da Mama. Kafin ya tafi sai da ya kashe mata kunne ɗaya da mari. Har ta rasu, in za ka yi mata magana sai ka zagayo ta damanta. Bai zo jana'izarta ba. Bara ɓarin jikinsa ya shanye, matar da ya bi ta tattara nata ta yi gaba, ƙanena ya ɗauko shi ya ajiye a ɗakin baya. Na ce masa, "Gidanka ne, ka ajiye wanda ka ga dama. Amma kada ka kawo min shi inda nake."

Fasto bai tsawaita wa'azi ba. Ya ce ceto kyauta ce, Allah ya aiko Ɗansa tun muna cikin zunubi, ba don halin kirkin kowa ba. Ya ce in akwai mai son karɓar Yesu yau, ya ɗaga hannu.

Baba ya ɗaga hannun dama. Hannun da ya mari Mama.

Jama'a suka ɗau tafi. Fasto ya sauko ya durƙusa gaban keken, yana faɗar addu'a, Baba na maimaitawa da bakin da ba ya fita, yawu na zuba a sabuwar rigar. Ko minti uku ba a yi ba. Fasto ya miƙe ya ce yau ana murna a sama.

Na tashi na fita. Na shige ɗakin ajiya, inda ake tara karyayyun kujeru da tsintsiya, na buga ƙofa. Ban daɗe ba Inna, ƙanwar Mama, ta turo ta shigo tana dogara sanda.

"'Yar nan, ana cikin sujada kika fito?"

"Sujadar me, Inna? Shi ke nan? Ya ɗaga hannu, an wanke shi tas? Sai da ƙafa ta ƙi tafiya, mata suka gudu, sannan ya tuna akwai Allah! 'Yar'uwarki ta mutu tana wankin kayan mutane, hannunta duk ya tsage. Yanzu a ce gobe su zauna wuri ɗaya a sama?"

"In haka ne, sai ta zaunar da shi ta gefen kurman kunnen," in ji Inna.

"Ba wasa nake ba!"

"Ni ma ba wasa nake ba. Kina tsammani ina son mutumin nan? Ni na kai ta asibiti ranar marin. Da ni ce mai rabon ceto, ko ƙamshinsa ba zai ji ba. To ba ni ba ce, ba kuma ke ba ce."

"Ai ba adalci ba ne."

"Ba wanda ya ce miki adalci ne. Alheri aka ce." Ta zauna a kan wani bokiti da aka kife, tana nishi. "Bari in tambaye ki. Shekara nawa kina share ɗakin nan? Kullum fuska a ɗaure, kamar mai jiran a kama ta da laifi. Tun da ya tafi kike ƙoƙarin zama yarinyar da ba za a sake gudu a bari ba. Ke, kin taɓa miƙa hannu kin karɓi wani abu a wurin Allah haka kawai?"

Na ce mata ta fita. Ban taɓa yi wa Inna tsawa ba sai ranar. Ta lallaɓa ta tashi, ta ja min ƙofa a hankali.

Na daɗe a tsaye. Ina jin mawaƙa ta bango suna waƙar haihuwar Mai Ceto. Na so in ce ƙarya Inna take, na duba shekarun nan duka ban sami inda zan kama ba. Ban durƙusa ba. A tsaye na yi maganar, da muryar faɗa.

"Ubangiji, ban ji daɗin abin da ka yi yau ba, ka kuwa sani. Amma in da gaske kyauta ce, ni ma ka ba ni. Na gaji. Ba ni da abin da zan ƙara yi maka."

Na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne Mama. Fushin bai tafi ba, amma na ji kamar an sauke min wani kaya dabam da ban san ina ɗauke da shi ba.

Da na fito an tashi. Ƙanena na fama da keken a bakin matakala, tayar gaba ta maƙale. Mutane na ta gaisuwa, ba wanda ya lura. Na je na kama ƙasan keken muka sauke shi tare, ban dubi fuskar Baba ba.

"Uwata," ya ce da ƙyar. Haka yake kirana ina ƙarama.

"Kada ka kira ni da wannan," na ce. "Ba yau ba."

Ƙanena ya ce, "Yaya, za ki zo gida cin abinci?"

Na ce ban sani ba tukuna. Na bi su a baya har bakin titi, na tsayar musu da mota.